Mai Biro da Jakar Darakta

Jama'a, ku gyara zama, yau da abu a bakina na zo muku. Ga wanda bai san ni ba, ni ce sakatariyar nan da ke zama a can ƙarshen teburi duk ranar da manya za su yi taron sirri a ma'aikatarmu. Aikina in kunna rikoda, su yi maganarsu, in koma ɗan ɗakina in toshe kunnuwa in buga abin da aka faɗa. Da an sa hannu a kan abin da na buga, sai a goge sautin a gaban idona, haka dokar wurin take. Ko mahaifiyata ba ta san me nake ji a ɗakin nan ba, kuma abin ya daɗe yana ci mata rai, don Umma mace ce da ba ta son a ce akwai labarin da ya wuce ta.

Kwatsam sai ga guntun sautin wani taronmu yana yawo a wayoyin mutane. Taro ne a kan hanyar da motocin kai wa sojojin bakin iyaka abinci da magani za su bi. Mai binciken da aka turo, wata mata mai farin gilashi wadda ba ta ɗaga murya, ta gaya mini abin da jama'a ke ji ɗanɗano ne kawai. Cikakken sautin an sayar wa wasu mutanen waje, su ne suka saki guntun don su nuna sun iya, har sai da aka tsayar da motocin aka canja musu hanya. Sannan ta dube ni ta saman gilashi, ta tambaye ni mutum nawa ne ke shiga ɗakin nan da na'urar ɗaukar magana. Ni kaɗai ce. Kowa a bakin ƙofa ake lalube shi, waya da agogo duk a akwati ake barin su. Aka karɓi katin aikina da wayata, aka ce in zauna a gida sai an neme ni. Ba ta ambaci kotu ba, amma ni ba yarinya ba ce, na san inda irin wannan hanyar take ɓullewa.

Zaman gidan nan kuwa bai yi mini daɗi ba. Na koma yini da tsohuwar rigar barcina mai ruwan toka da ɗankwalin da duk ya koɗe, ina zagaye tsakanin falo da kicin kamar kazar da ta rasa wurin kwanciya. Umma ta fi ni shiga damuwa, sai dai ita damuwarta baki gare ta. Ta yi mini addu'a, ta yi wa gwamnati faɗa, ta dawo kaina ta ce da na ji maganarta na yi aure tun bara, da yanzu ina da mai tsaya mini. Wato ko gini ne ya faɗo mini, a wurin Umma rashin aure ne ya jawo.

Wanda take nufi shi ne Mai Biro. Shi ne mai taimaka wa Daraktanmu, shi ke riƙe masa jaka, shi ke tsara masa wanda zai gani da wanda ba zai gani ba. Dogo ne, ba ya son hayaniya, rigarsa kullum a goge kamar yanzu aka ciro ta daga leda. Ni na sa masa wannan suna, saboda wani biro mai ruwan azurfa da ba ya rabuwa da shi. In yana tunani ko ya ƙagu, sai ka ji yana danna kansa, ƙas-ƙas, ya ɗan dakata, ya ƙara ɗaya. Ranar da ya fara tare ni a matakala ya ce yana son magana da ni, sai da na ce masa ya fara ajiye biron nan tukuna, don ba zan saurari mutum biyu a lokaci ɗaya ba. Ya yi dariya har yana riƙe bango.

Umma tun ranar da ta ga baƙar motar ofis ta tsaya a ƙofar gidanmu ta gama yanke hukunci. Ya zo mata da man shafawa na ciwon gwiwa, shi ke nan ya zama ɗan albarka, ni kuma na zama mai taurin kai. Ga shi mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, Darakta ne ya ja shi a jiki, kuma Daraktan da kansa ne zai jagoranci masu zuwa neman aurena. Duk maƙwabtanmu sun sha wannan labari. Ni ce dai nake ja da baya, ina cewa a bari in ƙara saninsa. Amma tsakanina da ku, na riga na faɗa. Mutumin da ya lura ba na cin abincin rana sai in na gama buga aiki, ya riƙa ajiye mini lemo da biskit a bakin tagar ɗakina ba tare da ya taɓa ambata ba, ta yaya zuciya za ta ƙi shi?

Tunda aka karɓe wayata, ta wayar Umma yake turo saƙo, ita kuwa ba ta miƙo mini sai ta karanta da ƙarfi tana sa nata a ciki.

"Sakatariya, kin ci abinci? Kada ki sa damuwa, gaskiya za ta fito." Umma ta ɗago kai. "Kin ji ko? Ɗan halak. In wani ne da tuni ya ɗauke ƙafa."

Na ce ta ba ni in amsa da kaina, ta ce in faɗa ta rubuta, ai ita ma ta iya soyayya kafin a haife ni.

Rannan da la'asar ina yankan albasa a kicin, Goggona ta turo guntun sautin nan a zauren danginmu na waya, ta rubuta a ƙasa wai a taya 'yarmu da addu'a. Ita a ganinta taimako ta yi. Ni kuwa tun da abin ya faru ban yarda na saurare shi ba, ko an kunna a kusa da ni tashi nake yi. Sai Umma ta kunna shi a falo, ta ƙure murya kamar yadda take yi wa komai. Na tsaya da wuƙa a hannu ina jin muryoyin da na sani, kuma abu na farko da ya dame ni shi ne abin da ban ji ba. Kujerata a ƙarƙashin wata tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki take, wadda ke kakari kamar mai mura. Duk sautin da na taɓa ɗauka a ɗakin nan da kakarinta a ciki, har ciwon kai take sa ni in ina bugawa. Wannan kuwa fes yake. Ba daga kujerata aka ɗauke shi ba.

Na wanke hannu, na karɓi wayar, na sa abin kunne na maimaita. Muryar Darakta ce ta fi kowacce kusa. Zuciyata ta fara sanyi, ina cewa Allah na gode. Sai kuma na ji shi, daf da na'urar, kamar a cikin kunnena ake yi. Ƙas-ƙas. Shiru. Ƙas.

Na zauna a hannun kujera ban san na zauna ba. Na tuna lemo da biskit, na tuna yadda yake tambayata ko aiki ya yi mini yawa, na tuna duk wata dariya da na yi masa, sai na ji kunya da baƙin ciki sun taru sun rufe ni. Ashe ni ce shashashar da aka ajiye don ranar da asiri zai tonu? Wallahi a lokacin na tsane shi, kuma ina sonsa, duk a numfashi ɗaya.

Da na gaya wa Umma, sai ta yi kicin-kicin da fuska ta ce biro ai kowa yana da shi, har mai gadi. Na ce ba kowa ke danna shi haka ba. Ta ce to in rufe bakina, kada in je in ɓata wa yaron mutane suna a kan ƙarar roba, ga magana ta yi nisa, ga Darakta zai zo, da wane ido za ta kalli mutanen unguwa? Na ce mata in na yi shiru ni za a rufe. Ta tashi ta shige ɗaki. Ni kuma na ɗauki wayarta na rubuta masa da hannuna: "Ka zo yanzu. Ni ce, ba Umma ba."

Kafin rana ta faɗi ya iso, da farar riga da igiyar katin aikinsa a wuya, ko gida bai biya ba. Ni ko kwalli ban sa ba, zumbulelen hijabi kawai na zura a kan rigar barcin. Muka zauna a baranda, a kan kujerun roban nan da ɗaya ta karye aka ɗaure ta da waya. Ya fara zolayata wai yau an kawo masa baƙo babu ko ruwa. Ban yi dariya ba. Na miƙa masa abin kunnen na kunna.

Ina kallon fuskarsa. Biron yana hannunsa, babban yatsansa a kai. Da aka zo wurin, sai na ga yatsan ya sandare. Ya kalli biron kamar yau ya fara ganinsa.

Na ce, "Kai ne?"

"Birona ne," ya ce a hankali. "Amma wallahi ban ɗauki komai ba."

"To ya aka yi ya fi muryar kowa kusa? A aljihunka na'urar take?"

"Ai ni ma lalube ni ake yi, kina gani."

Ina jin motsin Umma a bayan labulen taga, wai ita gyaran labule take yi. Can sai ya fara magana kamar mai yi da kansa. Ya ce a taro shi a bayan Darakta yake zama, jikin bango, ba shi da teburi, don haka a kan jakar Darakta yake ɗora takardarsa ya yi rubutu. Jakar a kan cinyarsa take yini. Bai taɓa buɗe ta ba, tun ranar farko aka gaya masa ba huruminsa ba ne. Kuma ita kaɗai ce ba a dubawa a ƙofa. Wani sabon mai gadi ya taɓa gwadawa, sati bai zagayo ba aka mayar da shi gadin wurin ajiye motoci, daga nan kowa ya shiga taitayinsa. In sun iso, masu gadi ƙamewa suke yi, jaka ta wuce kamar ita ma darakta ce.

Da ya kai nan sai ya rufe fuska da tafin hannu. Ban taɓa ganin namiji ya karye a zaune haka ba. Mutumin da yake kira Baba in suna su biyu, wanda ya tsaya masa a komai, shi ne ya mayar da shi jakin ɗaukar abin da bai sani ba, ya kuma zuba ido ana shirin rufe yarinyar da zai je nema masa.

Ya ce, "Gobe da safe akwai wani taron. Ki riga kowa zuwa, ki gaya wa mai binciken duk abin da kika ji. Har da sunana."

"Kai fa?"

Ya miƙe, ya yi wa Umma sallama ta taga, ya fita. Sai da ƙarar motar ta ɓace na ga ya bar biron a kan kujera. Kuma kada in yi muku ƙarya, ban sani ba ko wurin Darakta ya nufa ya gaya masa a cire abin da ke cikin jakar. In ya yi haka, ba ni da komai sai ƙarar biro da rantsuwa.

Da safe na fito na tarar Umma ta goge mini doguwar rigata mai ruwan bula da farin mayafi, ta shimfiɗa su a kan gado. Idanunta sun kumbura. Ta sa wayarta a jakata, ta riƙe mini hannu ta ce, "Je ki faɗi gaskiya, auta. Ni kam, ke na haifa, ba mota ba." Na rungume ta, ta ture ni wai zan yamutsa mata guga.

Mai binciken ta saurare ni ba ta katse ni ba. Ta ce ita ma ta ji ƙarar, ta kuma lura da rashin kakarin, abin da ba ta sani ba shi ne hannun wa ke yin ta. Amma ta ce ba ta da ikon buɗe jakar mutum kamar Darakta sai da izini daga sama, kuma kafin izinin ya sauko ya ratsa kunnuwa da yawa. Abu ɗaya ne ya rage. Dokar ƙofar ta ce duk abin da mai ɗauke da shi ya ɗora a kan teburin masu gadi, dole a duba shi, ko na wane ne. Ta cire gilashinta ta goge, ta tambaye ni ko ina ganin zai ɗora. Na ce ban sani ba, kuma wannan amsar ta fi komai yi mini ciwo.

Muka tsaya a gefen barandar da ke kaiwa ɗakin taron, kusa da tukunyar fulawar roba da ba a taɓa kakkaɓe ta ba. Manya suna ta wucewa suna zuba wayoyi a akwati, wasu su kalle ni su kau da kai kamar ba mu taɓa gaisawa ba. Biron da ya bari yana cikin tafin hannuna. Sai ga ƙamshin turaren Darakta ya riga shi isowa. Yana tafe yana amsa gaisuwa da kai, Mai Biro a bayansa da jakar fatar nan mai ruwan ƙasa. Da gani bai runtsa ba. Masu gadi suka ƙame, suka buɗe hanya. Darakta ya wuce. Mai Biro ma ya ɗaga ƙafa kamar zai bi shi.

Sai ya juya, ya ɗora jakar a kan teburi.

"Malam, yau a duba ta."

Mai gadin ya kalli jakar kamar an ajiye masa garwashi. Darakta ya waiwayo yana murmushi, ya ce, "Kai yaro, wasan me ke nan? Ɗauko mu shiga, ana jiranmu."

"Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri. Na riga na ajiye."

Ya mayar da hannayensa baya, bai sake taɓa ta ba. Mai binciken ta matso ta gyaɗa wa mai gadin kai. Aka zuge jakar. Takardu, maganin hawan jini, carbi, sai gidan gilashi, alhali gilashin yana fuskar mai shi. Ta sa hankici ta buɗe. A ciki akwai wani ɗan baƙin abu, bai wuce maɓallin riga ba, an manne shi a ƙarƙashin ƙyallen goge gilashi.

Darakta bai ko girgiza ba. Ya nuna Mai Biro da baki ya ce ai kowa a wurin nan shaida ne wa ke yini da jakar. Na ji kamar in yi tsalle in shaƙe shi, da girmansa da komai. Mai Biro kuwa kallonsa kawai ya yi, irin kallon da yaro ke yi wa babba ranar da ya fara kama shi da ƙarya.

Mai binciken ta ce, "Haka ne, ranka ya daɗe. Shi ya sa za mu saurare ta tun daga farko. A kunne take, kuma irin wannan tana fara ɗauka ne daga hannun wanda ya kunna ta. Za mu ji a ɗakin wa ta kwana."

A nan ne na ga murmushin ya zame daga fuskarsa.

Aka ɗage taron. Aka wuce da Darakta wani ofis a sama, aka ce Mai Biro ya shiga ɗakin mai binciken ya ba da bayani. Ya san ko ya fita fes, babu sauran baƙar mota, wataƙila babu kujerar ma, kuma babu mai jagorantar masu zuwa gidanmu. Da ya zo wucewa ta gabana na miƙa masa biron. Ya karɓa, ya yi ɗan murmushin gajiya, ya ce ashe dai na yarda in saurari mutum biyu. Sai kawai hawaye suka zubo mini.

Mai binciken ta ce in jira a benci, katina yana cikin aljihun teburinta, in abin da take zato ya tabbata yau zan koma gida da shi a wuya. Ina zaune sai wayar Umma ta yi ƙara a jakata, saƙo ne daga lambar maƙwabciyarmu, amma rubutun ko a mafarki na san na wace ce: "Ya ake ciki? In kin ga yaron nan ki ce masa ko a ƙafa ya zo ƙofa a buɗe take. Kawunki ma ya iya magana, sai mu ara masa shi."

Na yi dariya ina share hanci da gefen mayafin da ta sha wahalar gogewa. Ƙofar har yanzu a rufe take, ban san me ake tambayarsa a ciki ba, ban san me na'urar za ta faɗa ba. Na matsa ƙarshen bencin, na jingina kaina da bango, na kasa kunne kamar yadda na saba a wurin aiki. Can ciki, ƙasa-ƙasa, na jiyo shi. Ƙas-ƙas. Shiru. Na riƙe numfashi ina jira, sai da ya ƙara ɗayan sannan na sauke.